Wata biyu ina zuwa ajin yoga na mata a nan Maradi, ga abin da na gani

Salamu alaikum 'yan uwa mata, tunda na sa hoton tabarmar robar nan a status ake ta tambayata wai miye yoga kuma ya halatta ko a'a, to bari in hwaɗi iya abin da na gani. Ni ɗinki nike, tun sahe ina kan keke har la'asar, baya ya riƙe min har in na yi ruku'u da ƙyar nike miƙewa. Wata ƙawata ce ta ja ni wani ɗakin motsa jiki can wajen Ali Dan Sofo, Talata da Asabar mata zalla, malamar ma mace ce kuma ana kulle ƙofa, jikka biyar a wata ban da kuɗin kabu-kabu.

Miƙe-miƙen jikin ya yi min amfani gaskiya, yanzu ina kai awa uku a keke ban tashi ina dafe ƙugu ba. Amma abin da ya fi shiga raina numfashin ne. Ki zauna ki ja iska ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake ta a hankali kina ƙirga shida, shi kenan fa, amma ranar farko wlh ban kai numfashi uku ba hankalina ya tahi wajen atamfar wata Hajiya da ban gama ba, daga nan ya wuce cefane, ya wuce kuɗin lakwal ɗin yara. Malama ta zo ta ɗora hannu a kafaɗata ta ce Hajiya sassauta, in hankalin ya tahi ki jawo shi kamar akuya da igiya, ban da duka. A nan na gane haka nike yi har a cikin salla, jiki na kan dadduma zuciya na kasuwa, abin ya taɓa ni sosai don natsuwar nan mu aka fara umurta da ita.

Inda muka samu saɓani shi ne sati na uku, malama ta kunna wani sauti a waya ana ta jan "om", wata kalma da mabiya addinin Hindu ke faɗi a bautarsu, ta ce mu haɗa tafin hannu mu yi surya namaskar, wai ai sport ne kawai. A'a malama. Sunan ma ma'anarshi gaisuwa ga rana. Yoga daga Indiya ta hito, tana da saiwa cikin addinin Hindu, a tsarin Patanjali, wani malaminsu na zamanin da, rassa 8 gare ta, zaman jikin reshe ɗaya ne kawai, wannan ta miƙe-miƙe da ta cika duniya kuwa malaman yoga irin su Krishnamacharya ne suka yaɗa ta daga garin Mysore na Indiya wajen 1930. Majalisar Ɗinkin Duniya a 2014 ta ware mata ranar 21 ga Yuni. Kuma ba mu muka fara tambayar ba, a Malesiya majalisar fatawa ta hana musulmi ita a 2008, malaman Indonesiya a 2009 suka hana mai haɗe da kirarin bauta suka bar wadda motsa jiki ce zalla. Mu shida muka yi ma malama magana, ta saurara ba ta ji haushi ba, ta cire sautin da gaisuwar, wannan ya ƙara mata daraja a idona. Hukunci dai kowa ta tambayi malaminta.

Matsalar wurin zahi, in kuran ya ɗauke fanka ta tsaya ɗakin kamar tanda, tabarminsu kuma ba su isa ba ga warin zufa, ki zo da taki da gorar ruwa. Mai ciki ko mai hawan jini ta fara ganin likita kahin ta yi rajista. Ni dai na biya na wata mai zuwa, in kin zo ranar Asabar za ki same ni kusa da taga.