Daga Holan zuwa Jamus a mota: ta Maastricht da Aachen, ko ta Enschede da Münster?

Malam, barka da shirin tafiya. Ka ce za ku sauka Amsterdam kai da maiɗakinka da yara biyu, kuna da kwana huɗu da motar haya, kuma kuna so ku leƙa Jamus. Wasu sun ce ku yi kudu ta Maastricht ku faɗa Aachen, wasu sun ce ku yi gabas ta Enschede ku wuce Münster. Na bi hanyoyin nan duka biyu, kuma in shawarata za a bi, kudu za ku yi. Amma bari in jera maka su ka gani da kanka.

Wajen nisa babu wani bambanci na a zo a gani. Daga Amsterdam zuwa Maastricht kusan kilomita 210 ne a kan babbar hanyar A2, ta Utrecht da Eindhoven, sai ka ƙara kamar 35 ka shiga Aachen. Ta gabas kuwa A1 za ka hau, ka ratsa Amersfoort da Deventer, ka isa Enschede bayan kilomita 160 ko kusa da haka, ka tsallaka Gronau, sannan hanyar B54 ta kai ka Münster cikin wasu 70. Inda suka rabu shi ne abin da za ku tarar a bakin iyakar.

Kudu komai a cure yake. In ka bar Maastricht kada ka hau babbar hanya, bi N278 ta Gulpen zuwa Vaals. Nan ne za ka ga Holan mai tudu da gangare, ƙasar da kowa ya sani a shimfiɗe kamar tabarma. A saman Vaals akwai tudun Vaalserberg, mita 322, wurin da ya fi ko'ina tsawo a ɓangaren ƙasar da ke Turai, kuma a nan iyakokin Holan da Jamus da Beljiyam suka haɗu. Yara za su zagaya alamar iyakar da ƙafa, su taka ƙasa uku cikin minti ɗaya, kuma na tabbata shi za su fi ba da labari in kun koma gida. Gangarowa kaɗan, titin Vaals ya zama titin Aachen ba tare da ka ji ka sauya ƙasa ba.

Gabas kuwa fili ne da gonaki da shanu da dazuzzuka ƙanana, tuƙi mai kwantar da hankali. Enschede tsohon garin masaƙu ne, kasuwarsa ta ranar Asabar tana cika da Jamusawa masu tsallakowa sayen kifi da cuku. Wanda ya gaji da cunkoso zai ji daɗinta, sai dai tsakanin abin kallo da abin kallo akwai tazara, yara kuma ba su da haƙurin zaman mota.

Tarihi ne ya fi sa ni jinkiri kafin in yanke, domin Münster ba ƙaramin gari ba ne. A zauren majalisar garin aka rantse kan sulhun 1648 wanda da shi Sifaniya ta amince Holan ƙasa ce mai cin gashin kanta bayan yaƙin shekara 80, kuma har yau ana shiga a ga ɗakin. Wato wanda ya taso daga Amsterdam ya je Münster, ya je inda aka yi wa ƙasar da ya baro raɗin suna. Amma Aachen ta fi ta daɗewa. Nan ce fadar sarki Charlemagne, wanda ya mutu a 814 aka binne shi a cocin da ya gina, kuma cocin ne wuri na farko a Jamus da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1978. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, a shekarar 802 wata giwa mai suna Abul Abbas ta iso garin, kyauta daga Halifa Haruna Rashid na Bagadaza. Ka tsaya a dandalin ka gaya wa yaranka haka, su san cewa zumunci tsakanin Musulmi da Turai ba jiya ya fara ba. Garin yana da masallacin Bilal, ɗaya daga tsofaffin masallatan Jamus, in Juma'a ta riske ku. Maastricht ita ma da nata: can aka sa hannu a yarjejeniyar 1992 da ta kafa Tarayyar Turai ta kuma share fagen kuɗin yuro.

Ga kuma abin da Hajiya za ta so ji. Kusa da Eindhoven akwai Helmond, garin kamfanin Vlisco tun 1846, inda ake buga atamfar da muke kira 'yar Holan. Kan hanyar kudu yake, ratse kaɗan.

Dokokin tuƙi kuwa ko ta ina ka bi su ne dai. A mafi yawan manyan hanyoyin Holan, daga 6 na safe zuwa 7 na yamma ba a wuce 100 a awa. Tsakanin Amsterdam da Utrecht kyamarori suna lissafa matsakaicin gudunka a tsawon wani dogon sashe na hanyar, taka birki a gabansu ba zai fisshe ka ba, kuma tarar tana biyo ka ta hannun masu hayar mota. A Jamus akwai sassan babbar hanya da ba a ƙayyade gudu ba, shawarar hukuma dai 130 ce. Riƙe hannun dama, kada ka shiga layin hagu sai za ka wuce wani, ka duba madubi sau biyu, domin motar da ka hango nesa tana kanka kafin ka ƙifta ido. In kana son ɗanɗana hanyar, daga Aachen A4 za ta kai ka Köln, kilomita 70. In kana tsoronta, N278 ta raba ka da ita gaba ɗaya. Cikin gari kuma ka kula da masu keke, musamman a Münster inda suka yi yawa ƙwarai.

Abu biyu suke kama baƙi. Na farko, tsakiyar Aachen da ta Münster duk suna buƙatar koren sitika na muhalli a gilashin gaba, rashinsa tarar yuro 100 ne, kuma motar hayar Holan ba lallai ta zo da shi ba. Ka tambaya tun wajen karɓar makulli, a lokacin da kake sanar da su za ka fita da motar daga ƙasa. A kudu akwai mafita mai sauƙi: ku ajiye mota a Vaals ku hau bas. Na biyu kujerar yara. A Holan yaron da ya kai santimita 135 ya wuce ta, a Jamus kuwa sai ya kai 150 ko ya cika shekara 12.

Maganar takardu: duka ƙasashen suna cikin Schengen, yankin ƙasashen Turai da biza ɗaya ke aiki a cikinsu, don haka bizarku ta shiga sau ɗaya ma ta wadatar. Sai dai tun Satumban 2024 Jamus ta dawo da binciken 'yan sanda a iyakokinta, Holan ta biyo baya a Disamba. Fasfon kowa, har na yara, ya zauna a jakar hannu, ba cikin akwati a otel ba.

Kuɗin masauki, a yadda na gani, gabas ta fi sauƙi, domin Maastricht gari ne na masu yawon buɗe ido. In aljihu ya matsa, ko kuma ba wannan ne zuwanku na farko ba, Enschede da Münster ba za su ba ku kunya ba. Man mota kuwa galibi ya fi araha a Jamus, ka bari sai ka tsallaka ka cika tanki. Ka riƙe tsabar kuɗi kaɗan, wasu ƙananan shagunan Jamus ba sa karɓar kati.

Da ni ne, kwana biyu a Maastricht, ɗaya a Aachen, na huɗu a kamo hanyar dawowa ta Helmond. Ka shirya yadda Lahadi za ta same ku a Holan, domin ranar shagunan Jamus a rufe suke, har shagon Baturken da za ku sayi naman halal, amma a Maastricht ana buɗewa da rana. Allah ya kai ku lafiya, a gaida Hajiya da yara.