Shafin binciken asali: takardar aure ta fito, ma'aikacin jirgi ya ɓace

Na biya kuɗin wata uku a wani shafin binciken asali don bin sawun kakan kaka da ya yi aikin jirgin ruwa daga Liverpool. Ɓangaren aure ya burge ni. Ingila da Wales sun fara rajistar aure ta hukuma ranar 1 ga Yuli 1837, kuma fihirisar shafin na fito da gunduma, rubu'in shekara, lambar kundi da shafi nan take. Da waɗannan ake odar takardar shaida, inda za a ga sunan uban ango da sana'arsa. Sunan uwa babu, sai 2021 aka fara sa shi. Wani lokacin ma maimakon shekaru, "ya balaga" kawai aka rubuta.

Ƙidayar jama'a ce ta ɓata min rai. Ana rubuta mutum ne a inda ya kwana daren ƙidaya, misali 2 ga Afrilu 1911. Wanda ke tsakiyar teku ba zai fito a gidansa ba. Matarsa za ka gani a matsayin shugabar gida, an rubuta mai aure, miji babu. Wannan ba laifin shafin ba ne. Laifinsa shi ne, da bai samu mutumin ba, sai ya riƙa cusa wani mai suna iri ɗaya daga Cardiff a matsayin "shawara". Danna maɓalli ɗaya ya haɗe mutum biyu, da mata biyu, da 'ya'yansu duka. Rabawa kuwa sai da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Kada a karɓi shawarar nan sai sunan uba da garin haihuwa sun dace da takardar aure.

Takardun jiragen da ke tasha a daren ƙidaya suna nan, amma kwafin ya yi muni. An karanta sunan jirgi a matsayin unguwa, sunayen 'yan Afirka ta Yamma kuwa an dagula su. Hoton ainihin takardar kaɗai abin dogaro.

Abin da ya fi ciwo, tallar shafin ba ta faɗi cewa daga 1858 zuwa 1912 babu rajistar ma'aikatan jirgi ta ƙasa ba. Jerin ma'aikatan kowane jirgi ake bi, da lambar jirgin, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na jerin suna Jami'ar Memorial da ke Newfoundland a Kanada. Katunan ma'aikatan jirgi na 1918 zuwa 1921 masu hoto suna Southampton. Takardun ƙidayar 1931 kuwa sun ƙone a wata gobara a 1942.

Da farko na so ba shi tauraro huɗu saboda auren. Da na tuna da mutumin Cardiff, biyu ya ishe shi. Wata ɗaya ya wadatar, kuma a kashe sabunta biya tun ranar farko.