Sharhina kan na'urar ji da aka dasa wa 'yata, ga iyaye masu tambaya

Toh 'yan uwa, masu ta tambaya ta ko dashen nan na kokliya, wato na'urar ji da ake dasawa a katantanwar cikin kunne, ya biya kuɗin sabulu, amsar ita ce eh ya biya, amma kar wanda ya ce muku da an fito daga tiyata shikenan yaro ya fara surutu.

Yarinyata sanƙarau ne ya tafi da jinta tana shekara biyu. A National Ear Care Centre na Kaduna muka yi gwaji, aka ce na'urar kunne ta yau da kullum ba za ta yi ba, kuma likita ya ce mu hanzarta don bayan sanƙarau katantanwar cikin kunne tana iya toshewa ta zama ƙashi, wayar na'urar da ake zurawa a ciki ta ƙi shiga. Indiya muka je aka yi.

Ba a kunna na'urar nan take, sai wurin ya warke, kamar sati uku zuwa huɗu. Ranar da aka kunna kuka ta fasa ta fizge abin ta yar, aka ce mana haka yara da yawa suke yi, ƙwaƙwalwa ce ba ta saba ba. Daga nan fa aiki ya fara, komawa a sake saiti a kwamfuta, zuwa wajen mai koyar da magana, kuma kullum da safe in tsaya bayanta inda ba ta ganin bakina in ce aa, uu, ii, mm, shh, sss tana ɗaga hannu in ta ji, wallahi sss ɗin nan ya ba mu wahala amma yanzu daga tsakar gida zan kira ta ta juyo, har "Umma ruwa" take cewa.

Abin da ban ji daɗinsa ba kayan gyara ne. 'Yar wayar da ke haɗa na'urar ta waje da maganaɗisun da ke mannewa a kai ba ta da ƙwari sam, ga shi da dala ake sayarwa, sai ka jira mai zuwa daga waje. Batirin caji kuma in babu sola a gida kun shiga uku, shi ya sa nake ajiye ƙananan batir masu lamba 675. Zufa ma matsala ce lokacin bazara, dole da dare a sa na'urar a akwatin busarwa. Kitso kuwa sai da na zauna da mai kitso na nuna mata inda za ta bar fili, in gashi ya yi tudu maganaɗisun faɗowa yake.

Maganar hannu ba mu daina ba, duk da wasu dangi na cewa za ta hana ta magana. In an cire na'urar za a yi wanka ko barci ba ta jin komai, da me za mu yi hira?

Kafin ku zaɓi kamfani, ko Cochlear ko MED-EL ko Advanced Bionics, ku fara tambayar wa ke da wakili da mai saiti kusa da garinku, sannan ku tambayi farashin waya da batir kafin na tiyatar.