Kafin ka sayi manhajar koyon kare zubin dole a gasar foka

Duk wanda ya daɗe yana buga gasar foka ta intanet ya san wannan takaicin. Kana kan babban zubin dole (mafi girma cikin zubi biyu da ake tilasta wa mutum biyu kafin a raba kati), kowa ya ajiye katinsa, sai na kujerar ƙarshe ya ɗaga. Zagaye ya dawo, ya sake ɗagawa. Kai kana jiran kati mai kyau, tulin kuɗin wasanka yana narkewa kamar gishiri a ruwa. Daga nan ne mutum kan shiga neman manhajar da zai saya.

Fara da abin da ba a saye, wato lissafi. In mai ɗagawar ya ninka babban zubi sau 2, harajin tebur (ƙarin kuɗin da ake zubawa a tsakiya kafin a raba kati) kuma ya kai babban zubi 1, to in an haɗa da naka 1 da 0.5 na mai ƙaramin zubi, akwai 4.5 a tsakiya, kai 1 kawai za ka ƙara. Damar ci ta kusan kashi 18 cikin 100 ta biya wannan farashin. Shi kuwa, in ana kauce masa kashi 45 cikin 100, ya ci riba ko da tarkace ne a hannunsa. Equilab, manhajar auna damar cin hannu, kyauta ce, za ta nuna maka cewa ko 9 da 6 masu alama iri ɗaya sun zarce kashi 18 nesa ba kusa ba. Abin da ba za ta faɗa maka ba shi ne kai za ka riƙa fara magana bayan an buɗe katin tebur, kuma hakan na cinye wani ɓangare na damarka.

Ni dai, in abu ɗaya zan saya, ICMIZER ko HoldemResources Calculator zan ɗauka. Yawancin rigimar zubin dole a gasa tana faruwa ne lokacin da tulinka bai wuce babban zubi 15 zuwa 25 ba, inda amsar ɓarawon zubi, wato mai ɗagawa don ya kwashe zubin dole, sau da yawa ita ce ka tura tulinka duka. Waɗannan biyun suna auna hakan, suna kuma saka tsarin rabon kyauta cikin lissafi. Hannun da za ka tura ba shakka a farkon gasa, ana dab da kaiwa matakin samun kyauta yana iya zama na ajiyewa. Wannan bambancin ya fi ƙarfin ido.

PioSOLVER, manhajar warware hannu mai lissafa wasan da ya fi dacewa, ta masu zurfi ce. Tana son kwamfuta mai ƙarfi da haƙuri, kai ne za ka gina mata kowane yanayi. GTO Wizard ta fi sauƙi, amsoshinta a shirye suke, ga wurin atisaye, sai dai biyan kuɗinta ba ya ƙarewa. Wanda ke buga ƙananan gasa ya duba kada kuɗin manhaja ya fi abin da yake ci.

PokerTracker 4 da Hold'em Manager 3 aikinsu daban ne: suna adana hannayenka, su nuna maka wane ne ke yawan sata da kuma sau nawa kake sakar masa. Amma karanta dokar dandalinka tukuna, domin dandalin GGPoker, alal misali, bai yarda da allon ƙididdigar abokan wasa da irin waɗannan manhajojin ke nunawa a kan tebur ba. Buɗe manhajar warware hannu ana tsakiyar wasa kuwa maguɗi ne, ana rufe asusu a kansa.

Ƙaramin zubi fa ba ya samun rangwamen farashin da babban zubi ke samu. Akwai mutum a bayanka, don haka a can yawanci ko dai ka sake ɗagawa ko ka ajiye.