Yawon Faransa a kan keke: wace hanya za ka bi, wane keke za ka hau?

Wani shirin talabijin ne ya cusa min wannan buri. Ɗan barkwanci ne yake ratsa ƙauyukan Faransa a kan keke, ya tsaya gidan burodi, ya tsokani dattawa masu jifan ƙwallon ƙarfe a dandali, ya ɗanɗana cuku mai wari yana yamutsa fuska. Na yi dariya har da ƙwalla. Amma irin waɗannan shirye-shirye da ayarin ma'aikata ake yin su. Kai kuwa da kuɗin guminka za ka fita, babu mota a bayanka, don haka ka natsu wajen zaɓen hanya.

Ni dai hanyar Kogin Loire nake ba kowa shawara. Tsawonta kusan kilomita 900 ne, daga kusa da Nevers har Saint-Brevin-les-Pins a bakin Tekun Atlantika, kuma yawancinta shimfiɗe take kamar faifai. Ba dole ka cinye ta duka ba. Ka tashi daga Orléans, ka bi ta Blois da Amboise da Tours, ka sauka Saumur. Da kilomita 40 zuwa 50 a rana, mako guda ya ishe ka har da hutawa. Ɗan ratse kaɗan za ka yi ka ga fadar Chambord, wadda Sarki François na Ɗaya ya fara ginawa a 1519, mai ɗakuna sama da 400. A wannan shekara ta 1519 ce kuma shahararren mai zanen Italiya Leonardo da Vinci ya rasu a Amboise, gidan da ya zauna yana nan ana shiga. Wajen Saumur za ka ga gidajen da aka sassaƙa cikin farin dutse, da kogwannin dutse da ake noman naman kaza a ciki. Amma abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne layin dogo yana bin kogin. Ranar da ƙafa ta gaza ko ruwan sama ya hana tafiya, sai ka tura kekenka cikin jirgin ƙasa na yanki. Masaukai masu alamar Accueil Vélo ba su wuce kilomita 5 daga hanya, suna da wurin kulle keke da kayan faci. Orléans da Blois da Tours duk akwai masallatai da mahautan halal. A ƙauye kuwa ka sayi burodinka tun da hantsi, domin shaguna da yawa na rufewa da rana, wasu ma ba sa buɗewa ranar Litinin. Kuma kada ka shiga shago ba ka ce bonjour ba; kamar shiga gidan mutane ne ba sallama.

Sauran hanyoyin fa? Canal du Midi, hanyar da ke bin wata mashigar ruwa da aka haƙa, kilomita 240 daga Toulouse, tana da kyau a hoto, amma saiwoyin itatuwa da gargada za su jijjiga maka ƙugu. Vélodyssée ta bakin teku ta haura kilomita 1,200, ta fi ƙarfin hutun ma'aikaci. ViaRhôna, wadda ke bin Kogin Rhône, na da mistral, wata iska mai tsananin ƙarfi. Dutsen Ventoux kuwa a bar wa 'yan tseren Tour de France.

Sai maganar keke, kuma a nan ne aka cuce ni. Zaɓi uku ne: haya, sabo, ko na hannu. Ɗauko naka daga gida ta jirgin sama wahala ce kawai. In mako guda za ka yi, ka yi haya. A Loire akwai masu ba ka keke a wani gari ka ajiye musu a wani. Ka ɗauki hoton kowane ƙwarzane kafin ka bar shagon, don kada a zabge maka kuɗin ajiya. Ka nemi mai kariya a baya da sirdi mai faɗi, ka manta da keken tsere.

Ni araha na bi. Na ga talla a intanet, muka haɗu da mai keken a bayan wata tashar jirgin ƙasa, yana ta waige-waige yana cewa sauri yake. Na ba shi Yuro 120 a hannu, ba rasit. Kwana biyu da fara tafiya sarƙa ta tsinke. Mai gyara ya kifa keken, ya shafa yatsa a jikin ƙarfen, ya nuna min inda aka kankare lamba har fenti ya tashi. Na sata ne. Na kai shi ofishin 'yan sanda da kaina, na yi asarar kuɗi da kwana biyu, kuma har yau ina tunanin mai keken na gaskiya da ya fito da safe bai tarar da abin hawansa ba.

Tun 1 ga Janairun 2021 doka ta wajabta sa lambar shaida a kan duk sabon keken manya da shago ya sayar, daga Yulin shekarar kuma har da na hannu da ake saye a shago. Lambar na da haruffa da alƙaluma 10, ana iya duba ta a intanet a ga ko an kai rahoton sata. In mutum ya hana ka duba ta, juya ka tafi. In babu takardar sayen farko, in ya ƙi nuna katin shaida, in ya nace sai tsabar kuɗi a bakin titi, in farashin bai kai rabin na kasuwa ba, duk alamu ne. Masu cewa ka tura kuɗin kafin alƙalami tun ba ka ga keke ba, yawanci babu keken ma. Kuma riƙe kayan sata da sani laifi ne a Faransa, hukuncinsa na iya kai ɗaurin shekara 5. Ka sa mai sayarwa ya rubuta takarda da sunansa da lambar keken da kwanan wata, ku sa hannu, sannan ya mayar da rajistar zuwa sunanka kana tsaye.

Makulli ma kada ka sayi na waya, almakashi ɗaya ke yanke shi. Ka sayi na ƙarfe mai siffar U, ka haɗa jikin keken da tayar baya da turke, ko da burodi kawai za ka shiga saye.