Wata tara da ƙaramar motar lantarki a Maradi: ta iya aiki, amma kuɗin shigowarta sun yi nauyi

Tun bayan da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ruwa-ruwan da muke saye a kwalabe a bakin hanya ya daina araha, kuma duk mai mota a Maradi ya koma lissafin lita. Ƙarancin esanci na watan Maris ɗin 2025, wanda ya sa na wuni a layin gidan mai, shi ne ya tura ni wurin wani dillalin motoci da ya fara kawo ƙananan motocin lantarki ƙirar ƙasar Sin. Yau wata tara ke nan ina hawan ɗaya daga cikinsu, mai kujera huɗu da baturi mai ɗaukar kilowat-awa 30.

Na biya sefa miliyan 9 da rabi. Da na yi tsaki, Alhaji ya fito da takardu ya shimfiɗa mini su a kan tebur, ya ce: "Malam, dube su da idonka, ribata ba ta kai abin da kake zato ba." Kuɗin motar a can inda aka ƙera ta, haɗe da ribarsa, kusan miliyan 6 ne. Jigila ta ci miliyan 1 da jika 200, domin tun da aka rufe iyakar Benin kayan da suka saba saukowa Kwatano sai sun bi ta Lome da Burkina Faso kafin su iso Yamai, sannan a ƙara fiye da kilomita 600 zuwa nan. Sauran miliyan 2 da jika 300 sun tafi a duwan, har da harajin TVA na kashi 19 cikin 100. Wannan bayani dalla-dalla shi ne abin da na fi yaba wa shagon, domin dillalai kaɗan ne ke yarda mai saye ya ga cikin lissafinsu. Kart giriz da asurans ma su suka bi mini, cikin mako biyu komai ya fito.

A kan hanya ba ni da ƙorafi mai yawa. Motar ba ta da ƙara ko kaɗan, har sai da na koyi yawaita oda a wajen babbar kasuwa, domin masu kabu-kabu da ƴan tura ba sa jin tahowarta. Tana tashi da sauri daga tsaye, ba ta da giya da za a yi ta canjawa a cunkoso, ba juyen baƙin mai, ba fulogi. Takardarta ta ce caji ɗaya yana kai kilomita 300, amma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma na'urar sanyaya iska ke aiki daga safe zuwa dare, ban taɓa wuce 210 ba. Wannan ya ishe ni zirga-zirgar kwana biyar tsakanin gida a Ali Ɗan Sofo da wurin aiki, ya kuma isa zuwa Tibiri ko Madarumfa a dawo hankali kwance. Tasawa kuwa sau ɗaya na gwada, sai da na kwana a gidan ɗan'uwa motar tana jone da bango. Damagaram ban ma sa ta a rai ba. Cikinta kuma yana kusa da ƙasa, saboda haka lungunan yashi da kwatamin damina ba abokan tafiyarta ba ne.

Caji shi ne inda ake gane ko mutum ya dace da wannan mota. A soket ɗin gida tana ɗaukar wajen awa 12 kafin ta cika, kuma sai da na kira mai gyaran wuta ya ja mata waya mai kauri tun daga kwantar, domin ta farko ta riƙa ɗumi. Wutar Maradi tana zuwa ne ta layin Katsina da ya biyo ta Gazawa, kuma ba wanda ya manta da watan Agustan 2023, sa'ad da Najeriya ta katse ta bayan juyin mulki. A bazara akwai daren da na jona motar da isha'i, na tashi da asuba na tarar ko rabi ba ta yi ba. Wanda ke zaman haya, ko wanda ke ajiye mota a ƙofar gida, zai sha wahalar da ni ban sha ba.

Ga lissafin da ya fi komai muhimmanci. Tsohuwar Corolla ta tana shan lita 8 a kilomita 100, kuma a farashin sefa 499 da gwamnati ta tsayar a watan Yulin 2024, kilomita 1,000 da nake yi a wata suna cin kusan jika 40. Yanzu takardar wutar gidana ta ƙaru da jika 13 kawai. In aka haɗa da kuɗin juye da na daina biya, ina rage kimanin jika 30 a wata, wato jika 360 a shekara. To amma da miliyan 5 da na sami ƴar Kwatano mai lafiya, kuma bambancin miliyan 4 da rabi sai ya shekara 12 da rabi kafin ya dawo aljihuna, alhali garantin baturi a yawancin kamfanoni shekara 8 ne. Da ba a ɗora mata kuɗin duwan ba, da shekara 6 sun isa.

Ƙasashen da motar lantarki ta samu karɓuwa ta wannan ƙofa suka bi. Norwe ta yafe wa waɗannan motoci harajin saye na kashi 25 cikin 100 shekaru da dama, har a 2024 kusan 9 cikin kowace sabuwar mota 10 da aka sayar a can ta lantarki ce. Habasha ta hana shigo da motocin mai a 2024. Amurka kuwa ta daɗe tana rangwanta wa mai saye harajin da ya kai dala 7,500 tasu, kafin ta soke shi a ƙarshen Satumban 2025. Mu da muke da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011, man namu yana da sauƙi in aka kwatanta da na wasu maƙwabta, kuma wannan sauƙin da kansa yana rage wa motar lantarki riba.

Rashin jin daɗina da shagon ya zo ne a wata na shida, da wata ƴar na'ura ta caji ta mutu. Ba su da ita a ajiye, makanikensu guda ɗaya ne kuma ya yi tafiya, garejin unguwa da na saba zuwa kuma suka ce ba za su taɓa waya mai ruwan lemo ba, wanda gaskiyarsu ce, domin wutar da ke cikinta tana kisa. Motar ta yi mako biyar a rufe kafin kayan su iso, ko da yake ba a karɓi ko dala ɗaya a hannuna ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma na so a ce an faɗa mini tun farko cewa kayan gyara sai an aiko.

Zan ba da shawararta ga mai gidan kansa, mai sola ko janareto, wanda harkarsa ba ta wuce cikin gari kuma yana da wata motar ta doguwar tafiya. Wanda zai zuba duk jarinsa a mota ɗaya ya dakata tukuna. Makon jiya na tambayi wani dillali a tasha nawa zai saye ta, ya zagaya ta sau biyu, ya ce in bari sai ya samu wanda ya tambaya.