Sharhi a kan kayan da na ƙara wa injin 2JZ girma zuwa lita 3.4

Motar da aka yi wa wannan aiki Lexus GS300 ce, wadda ke ɗauke da injin Toyota mai suna 2JZ-GE, mai silinda shida a jere da bulok na baƙin ƙarfe. Yadda ya fito daga masana'anta, faɗin silindarsa milimita 86 ne, tsawon tafiyar fistin ma milimita 86, abin da ya ba shi girman lita 3.0. Kayan da na yi oda daga wani kamfani a Amurka sun haɗa da karanshaf mai tafiyar milimita 94, da kwanrod shida, da fistin masu faɗin milimita 87 tare da rin ɗinsu, da metal. Idan aka yi lissafi injin yana komawa siisii 3,353, wanda masu sayarwa ke kira lita 3.4. An haɗa shi a Apo, nan Abuja, an kuma ɗora masa tabo, wato na'urar turbo da hayaƙin inji ke juyawa tana cusa masa ƙarin iska, na yi ta hawa da shi tsakanin Abuja da Jos kafin in rubuta wannan sharhi.

A kan karanshaf da kwanrod ba ni da ƙorafi. Dukansu na ƙarfe ne samfurin 4340, kuma da muka ɗora kwanrod ɗin a kan sikeli ɗaya bayan ɗaya mun tarar nauyinsu ya yi daidai da juna. Wannan ne ya sa nake ganin sayen kayan a dunƙule ya fi tsinto su daga wurare daban-daban.

Fistin ne ya fi cin tunanina, kuma a nan nake ganin mai gina inji a ƙasar nan ya kamata ya fi tsayawa. Da yake tafiyar ta ƙaru da milimita 8, fistin zai riƙa hawa sama da ƙarin milimita 4, saboda haka dole a matsar da fil ɗin da ke haɗa shi da kwanrod sama gwargwadon haka muddin za a ci gaba da amfani da kwanrod mai tsawon milimita 142 irin na asali. Wannan kamfani ya riga ya yi. Abin da ya bar wa mai saye shi ne zaɓin matsin iska, kuma zaɓi ne mai nauyi. Injin 2JZ-GE mai VVT-i, wato tsarin sauya lokacin buɗewar bawul, yana matse iska da fetur ninki 10.5, to idan aka ƙara girman silinda ba tare da an ƙara wa ɗakin ƙonewa fili ba, matsin yana haura 11.5. Fetur ɗin da muke sha a gidajen mai ba zai jure wannan ba, balle an ƙara tabo a kai, domin zai riƙa fashewa ba bisa tsari ba har ya farfasa gefen fistin. Na zaɓi fistin masu rami a ka waɗanda suka sauko da matsin zuwa 8.5, adadin da Toyota kanta ta yi amfani da shi a 2JZ-GTE, injin motar Supra mai tabo. Wasu abokai sun ce da na ɗauki 9.5 da motar ta fi kuzari kafin tabo ya kama, kuma gaskiyarsu ne, amma wanda ke shan mai yau a Kubwa gobe a Akwanga ba shi da tabbacin abin da ke shiga tankinsa, don haka na gwammace in bar wa injin sarari.

Akwai kuma batun irin gorar ruwan da aka ƙera fistin da shi. Samfurin 2618 kusan babu sinadarin silikon a cikinsa, ya fi jure duka, sai dai yana kumbura sosai idan ya yi zafi, shi ya sa ake ba shi tazara mai yawa a cikin silinda. Samfurin 4032 yana da silikon kimanin kashi 12 cikin ɗari, ba ya kumbura sosai, ya fi shiru kuma ya fi daɗewa a motar hawa ta kullum. Nawa 2618 ne, domin shi kaɗai kamfanin ke sakawa a wannan kunshi. Da asubar hunturu a Jos ina jin ƙaf-ƙaf ɗinsu sarai har sai injin ya ɗumama, sannan ƙarar ta ɓace. Ba lahani ba ne, amma ga wanda ba tsere zai shiga ba, 4032 ya fi dacewa, kuma ina ganin kuskure ne a ce ba a ba mai saye damar zaɓa ba.

Takardar da ta zo da kayan ma ba ta gamsar da ni ba. Ta faɗi tazarar fistin da ta bakin rin, amma ba ta yi maganar cewa kwanrod zai iya kusantar ƙasan silinda saboda tsawon tafiyar ba. Bakaniken da ya haɗa injin ne ya jera komai ba tare da rin ba, ya juya karanshaf da hannu, ya ce mini, “Alhaji, nan wurin sai an ɗan gurza, in ba haka ba ranar da ka taka totur za su gaisa.” An gurza, an wanke bulok ɗin sau da dama, sannan aka rufe. Ya auna tazarar kowane metal da ma'aunin maikuromita maimakon ya dogara da abin da aka rubuta a kwali, kuma ina ganin rabin nasarar wannan gini daga hannunsa ta fito. Kusoshin tof silinda na kamfanin ARP muka saka, tare da gaskit na GTE mai kauri, har yau babu ɗigon ruwa ko na baƙin mai.

A kan titi, ribar da aka samu tana tsakiyar gudu ne. Tabo yana kamawa da wuri fiye da yadda yake yi a injin lita 3.0, domin injin yana fitar da hayaƙi mai yawa tun yana juyi kaɗan. A Hawan Kibo na fi ganin amfaninsa, inda hanya ke hawa zuwa tudun Jos mai tsayin kusan mita 1,200 kuma iska ke raguwa, motar tana wuce manyan motoci ba tare da giya ta sauko ba. Farashin wannan kuwa shi ne saurin fistin, wanda a juyi 7,000 a minti ya tashi daga kimanin mita 20 a daƙiƙa zuwa kusan mita 22. Saboda haka na sa mai saita birenbos, wato kwamfutar injin, ya tsayar da iyakar juyi a ƙasa da haka, tunda bulok ɗin GE ba shi da bututun fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistin irin na GTE.

Kuɗin kayan kansu bai kai na abubuwan da suka biyo baya ba. Sai da aka canza nozul da famfon mai, aka saka lagireto mai girma saboda zafin Abuja na watan Maris da Afrilu, aka kuma ƙara wa giyabos na'urar sanyaya mai. Duk da haka giyabos ɗin asali ya fara zamewa idan aka taka sosai a giya ta uku, kuma shi ne aikin da ke gabana yanzu. Shan fetur ya ƙaru a fili, wanda tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023 ba ƙaramin lissafi ba ne. Wanda bulok ɗinsa ke da lafiya kuma yake son ƙarin ƙarfi kaɗan, tabo ƙarami a kan lita 3.0 ya ishe shi. Wanda kuwa injinsa ya riga ya kai ga buɗewa, karanshaf ɗinsa ya ci, ina ba shi shawarar waɗannan kaya, da sharaɗin ya fara nemo wurin da za a faɗaɗa masa silinda a auna ta da fistin ɗin a hannu kafin ya biya dala ko ɗaya.